Likitan dabbobi mai shagon magani zai iya neman kujerar majalisar dokokin jiha?

Tambaya: Ni likitan dabbobi ne a karkara, ina da ɗan shagon sayar da magunguna da abincin kaji, kuma makiyaya da 'yan kasuwar kara na yankinmu sun matsa mini in fito takarar ɗan majalisar dokokin jiha. Me doka ta ce, kuma yaya makomar shagona?

Amsa: Likita, sharuɗɗan tsayawa ba su da tsauri. Sashe na 106 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya buƙaci ɗan takara ya kasance ɗan ƙasa, ya kai shekara 25 (a da 30 ne, gyaran da aka yi a 2018 ya rage), ya yi karatu aƙalla zuwa matakin sakandare, kuma ya kasance ɗan jam'iyyar da ita za ta tsayar da shi. Wannan na ƙarshe shi ne babba, domin babu ɗan takara mai zaman kansa, saboda haka farin jinin da kake da shi a rugage ba zai kai sunanka kan takardar ƙuri'a ba sai ka tsallake zaɓen fidda gwani. Idan kuma ban da shagon kana karɓar albashin gwamnati, misali a asibitin dabbobi na jiha, sashe na 107 ya wajabta maka ajiye aikin aƙalla kwana 30 kafin ranar zaɓe.

Maganar shago ita ce ta fi buƙatar natsuwa. Mallakar kasuwanci ba ya hana kowa takara, kuma kana iya ci gaba da duba dabbobi har ranar zaɓe. Matsalar tana tasowa ne bayan ka ci. Jadawali na biyar na kundin, wanda ya ƙunshi ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, ya lissafa 'yan majalisa cikin masu riƙe da muƙaman gwamnati, kuma ya haramta wa wanda ke aiki na cikakken lokaci shiga harkar gudanar da kasuwanci ko sana'a mai zaman kanta, in ban da noma. A fahimtata, garken shanunka ko gidan kajinka na iya shiga ƙarƙashin noma, amma sayar da magani da karɓar kuɗin allura sana'a ce tsagwaronta. Mafita ita ce tun yanzu ka nemi wani likita mai rajista da hukumar kula da likitocin dabbobi ta ƙasa, ka damƙa masa ragamar wurin a rubuce, da sa hannun lauya. Barin shagon a hannun ƙane ko yaron gida da bai karanci aikin ba, kamar yadda aka saba, kasada ce ga dabbobin mutane da kuma sunanka. Za ka kuma bayyana kadarorinka, har da shagon, kafin ka hau kujerar.

Ko da doka ba ta hana ba, lokaci zai hana, tun da majalisar jiha dole ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara, kuma wanda ya yi fashin fiye da kashi ɗaya cikin uku na zaman ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba yana iya rasa kujerarsa.

Game da kuɗi, a zaɓen 2023 doka ta ƙayyade wa mai neman wannan kujera kada ya kashe fiye da naira miliyan 30. Ka ware asusun yaƙin neman zaɓe daban da na shago, domin jarin magani shi ne abu na farko da siyasa ke cinyewa.

Abin da masu turo ka suke hange yana da tushe. Majalisar jiha ce ke amincewa da kasafin kuɗin da ake sayen allurar rigakafin ciwon huhun shanu da biyan ma'aikatan mahauta, kuma ita ke yin dokokin kiwo. Dokar hana kiwon sake ta Jihar Binuwai ta 2017 daga majalisar jihar ta fito. Sai dai kai mutum ɗaya za ka zama cikin wakilai 24 zuwa 40, kuma mazaɓarka ta haɗa da manoman da za su so su ji matsayinka kan burtali da ɓarnar gona kafin su ba ka ƙuri'a.