Regileta mai araha, matsakaiciya ko ta titaniyom: wacce mai nutso zai saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kammala horon nutso na matakin farko, kuma ina so in mallaki regileta tawa, wato na'urar shaƙar iska daga silinda a ƙarƙashin ruwa, in daina dogara da ta haya. Iri uku na gani: mai fistin wadda ta fi araha, matsakaiciya mai tantani da aka ce ruwa ba ya shiga cikinta, sai ta titaniyom da kuɗinta ya ninka na farkon sau huɗu. Yawancin nutsona a ruwan ɗumi ne, ba na wuce mita 18, amma ina da niyyar ƙara horo har in shiga ruwan sanyi. Shin tsadar ƙarin tsaro take sayo wa mutum?

Amsa: Wa'alaikumus salam, mai tambaya. Tsada ba ita ce ma'aunin tsaro a wannan fage ba, domin duk regiletar da wani sanannen kamfani ya fitar kasuwar Turai sai ta tsallake gwajin ƙa'idar EN 250, inda ake auna ta a zurfin mita 50 da numfashin lita 62.5 a minti ɗaya, wato irin hakin wanda ke aiki tuƙuru. Abin da ƙarin kuɗi ke sayowa shi ne sauƙin shaƙa, juriyar sanyi da rashin nauyi, kuma ba kowa ne yake bukatar ukun duka ba.

Tun da Jacques Cousteau da injiniya Émile Gagnan suka ƙera Aqua-Lung a Faransa a 1943, tushen aikin bai sauya ba. Iskar silinda tana kan matsi na ba 200 zuwa 300 (ba, wato bar, shi ne ma'aunin matsi). Matakin farko na regileta, wanda ake ɗaurawa a bakin silinda, kuma fistin ko tantani ke buɗe bawul ɗinsa da rufe shi, yana sauko da ita zuwa kusan ba 9 ko 10 sama da matsin ruwan da ke kewaye, sannan mataki na biyu, wanda ke bakinka, ya ba ka ita daidai da matsin zurfin da kake, a lokacin da ka shaƙa kawai. Kowace mita 10 ta ruwan teku tana ƙara ba ɗaya, saboda haka a mita 30 kaurin iskar ya ninka na saman ruwa sau huɗu, kuma a nan ne bambancin ƙira yake fara bayyana.

Mai arahar da ka gani, irin su Scubapro MK2 ko Aqualung Calypso, fistinta ba daidaitacce ba ne. Ma'ana, matsin silinda yana taimakawa wajen buɗe bawul, don haka idan iska ta yi ƙasa a ƙarshen nutso za ka ji shaƙa ta ɗan yi tauri. Ba na raina ta ko kaɗan. Sassanta kaɗan ne, tana jure wulaƙanci, sabis ɗinta ba tsada, shi ya sa cibiyoyin haya suke tara ta. Da a mita 18 na ruwan ɗumi za ka tsaya, da na ce ka saye ta ka adana canjinka. Daidaitacciya kuwa, mai fistin ce ko mai tantani, tana riƙe matsin tsakiya, wato wanda matakin farko ke fitarwa, a wuri guda daga cikar silinda har ta kusa ƙarewa, kuma tana ba da iska mai yawa idan mutum biyu suna shaƙa daga matakin farko ɗaya.

Maganar ruwan sanyi ce ta sauya lissafinka, kuma ita ta fi cancantar a tsaya a kanta. Duk lokacin da iska ta sauko daga babban matsi zuwa ƙarami takan yi sanyi sosai, kamar yadda bawul ɗin taya ke sanyaya idan aka sace iskarta da sauri. A ruwan ɗumi, ruwan da ke kewaye yana mayar wa ƙarfen zafinsa. A ruwan da bai kai digiri 10 ba, ƙarfen na iya sauka ƙasa da sifili, ruwan da ya shiga ɗakin sifirin (spring) na matakin farko ya daskare, ƙanƙara ta hana bawul rufewa, iska ta riƙa kwarara ba tsayawa har silinda ta ƙare cikin 'yan mintuna. A yawancin masu fistin ruwa yana shiga ɗakin sifirin, domin ta haka suke jin zurfi. Mai tantanin da aka toshe, irin su Apeks XTX50 ko Scubapro MK17, tana da tantani na biyu a waje wanda ke miƙa matsin ruwa ciki ba tare da ruwan ya taɓa sifirin ba, kuma wannan toshiyar tana hana gishiri da yashi da laka shiga. Akwai masu fistin da aka yi wa tanadin sanyi, MK25 EVO na cikinsu, don haka kada ka yanke hukunci da sunan ƙira kaɗai. Juya matakin farko ka duba rubutun da aka zana a jikinsa: idan ka ga EN250 tare da alamar >10°C, ta ruwan ɗumi ce kawai, idan akwai harafin A bayan lambar, an gwada ta da bakin numfashi biyu suna aiki lokaci guda.

Ta titaniyom, irin su Atomic Aquatics T3, ba ta tsatsa kuma ta fi ta tagulla mai rufin kurom sauƙin ɗauka, abin da ke da amfani ga wanda kullum yake cikin jirgi ana auna masa kaya. Ban ga ta fi matsakaiciya mai kyau daɗin shaƙa da gwargwadon ratar kuɗinsu ba. Haka kuma ba a haɗa titaniyom da iskar da oksijin ɗinta ya wuce kashi 40 cikin ɗari, saboda haɗarin kamawar wuta, wanda zai takura ka idan horonka ya kai can.

Wajen haɗi da silinda, nau'in yok yana maƙale bakin bawul daga waje kuma iyakarsa ba 232, shi kuwa DIN ana murɗa shi ciki, zoben robarsa yana ɓoye inda ba zai tsinke ya fito ba, yana kuma ɗaukar har ba 300. Ka ɗauki DIN, ka sayi ɗan adaftan da ke mayar da shi yok don wuraren da silindarsu ta tsohon yayi ce. Ka ƙirga ramukan tiyo: biyu na babban matsi don geji mai nuna ragowar iska da na'urar aika bayani ga kwamfutar hannu, huɗu na ƙaramin matsi don bakin numfashi, na ko-ta-kwana, rigar tasowa da ake hura wa iska, da busasshiyar rigar sanyi. A mataki na biyu, ɗan maɓallin da ke karkatar da iska yana hana ta ɓarkewa a saman ruwa, kuma ya fi maka amfani a kan marfin daidaita taurin shaƙa, wanda yawancin masu shi sukan saita sau ɗaya su manta.

Saboda haka matsakaiciyar nake ba ka shawarar saye, da sharaɗi guda: kafin ka biya, ka tabbatar akwai ƙwararren da kamfanin ya amince da shi a inda za ka iya kai masa, kuma yana samun kayan gyara na asali. Ana yin sabis duk shekara ko shekara biyu, gwargwadon umarnin kamfani, kuma kuɗin da aka rubuta a jikin kaya sau da yawa bai haɗa da bakin ko-ta-kwana da geji ba. Shi ma bakin ko-ta-kwanan ya zama mai shaidar ruwan sanyi, domin abokin da iskarsa ta ƙare zai ja shi da ƙarfi cikin firgici, a daidai lokacin da kai ma kake shaƙa daga matakin farkon.