Tambayoyi da Amsoshi: Kalmomin Bincike da Amincewar Mai Saye a Dillancin Intanet

Tambaya daga wani mai karatu a Zariya: Na buɗe shafi ina tallata kayan Jumia don in riƙa samun la'ada. Mutane suna shigowa sosai, amma babu mai saye. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, fara duba kalmomin da suke kawo maka mutanen. Wanda ya rubuta "waya" kawai a Google bai yanke shawarar komai ba, ƙila hoto yake nema, ƙila ɗalibi ne. Wanda ya rubuta "wayar da ta fi riƙe caji mai sauƙin kuɗi" ko "Tecno da Infinix wacce ta fi" kuwa, kuɗinsa na aljihu, shawara kawai yake jira. Irin waɗannan dogayen kalmomi masu nemansu kaɗan ne, amma su ne masu saye, kuma manyan shafuka ba su cika damuwa da su ba.

Ba sai ka biya kuɗi ba kafin ka gano su. Ka fara rubuta sunan kayan a akwatin bincike na Google ka tsaya, ka ga abin da zai ƙarasa maka da kansa, domin daga binciken mutane yake ɗebo su. Sannan ka haɗa shafinka da Google Search Console, kyauta ne. A can za ka ga ainihin kalmomin da aka rubuta har shafinka ya bayyana, sau nawa ya bayyana, sau nawa aka danna. In kalma tana bayyana da yawa ba a dannawa, kanun rubutunka ne bai dace da buƙatar mai neman ba, sai ka gyara shi.

Akwai abin da ya shafi masu rubutu da Hausa kaɗai. Yawancin mutane ba sa sa ƙ da ɗ a waya, "rike caji" za su rubuta, kuma sukan gauraya da Turanci, kamar "power bank mai kyau". Ka rubuta sunan kaya yadda yake a jikin kwali. Amma kada ka cusa kalma ɗaya sau ashirin a shafi, dokokin Google sun hana, mai karatu ma yana ganewa.

Tambaya daga wata mai karatu a Kano: In na faɗa wa mutane cewa ina samun kamasho idan sun saya, ba za su gudu ba?

Amsa: Hajiya, dillalin da kowa ya san la'adarsa ba a gudunsa a kasuwa. Wanda ake gudu shi ne mai ɓoyewa, ranar da aka gano shi. Ki sa layi ɗaya a saman rubutu, kafin mahaɗin farko (wato link ɗin da ake dannawa a je wurin sayen kayan): "In kun saya ta wannan hanyar ina samun ɗan kamasho, farashinku bai canza ba." Ba ma zaɓi ba ne a wasu wuraren. Amazon ta wajabta wa dillalanta irin wannan sanarwa, hukumar FTC mai kare haƙƙin masu saye a Amurka ma haka. Google kuma tun 2019 ta fito da alamar rel="sponsored" da ake sa wa mahaɗin talla.

Abin da ya fi sanarwar jawo amincewa shi ne ki faɗi aibin kaya. Ɗauki power bank mai 20,000mAh. Masu talla sukan ce zai cika wayar 5,000mAh sau huɗu, lissafin da ba ya fitowa. Batirin cikinsa a kan 3.7V yake, sai an ɗaga wutar zuwa 5V kafin ta fita, wani kaso kuma ya tafi a zafi. Sau biyu da rabi zuwa uku shi ne gaskiya. In kin rubuta haka, wanda ya saya zai ga maganarki ta tabbata, kuma ke zai nema ranar da zai sayi fanka mai caji. Ki ɗauki hoton kayan da hannunki in kina da shi. Farashi kuma ki rubuta ranar da kika duba, don a Najeriya ba ya zama wuri ɗaya.

Tambaya daga Maraɗi: Wani ya ce ya saya ta mahaɗina, amma ban ga ko sisi ba.

Amsa: Abu uku ne suka fi jawo haka. Alamar da ake kira kuki, wadda ke nuna kai ka turo mai saye, tana da wa'adi. A Amazon awa 24 ne, in wa'adin ya wuce mai saye bai sa kayan a kwandon saye na shafin ba ka rasa. Ko kuma ya danna mahaɗin wani bayan naka, yawancin kamfanoni na ƙarshe suke biya. Ko ya mayar da kayan, ko ya ƙi karɓa da aka kawo, sai a soke kamashon. Ka karanta sharuɗɗan kamfanin da kake wa talla, ka duba ko sayayya ta cikin manhajarsu tana shiga lissafinka, don ba duka suke ƙirgawa ba.