Saƙon rediyo daga Tawa zuwa Yamai ta bisa intanet

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina Tawa, ina da rediyon VHF haɗe da kwamfuta, abokina a Yamai ma haka. Muna son aika wa juna saƙon rubutu, amma sigina ba ta kaiwa. An ce intanet na iya haɗa mu, gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Gaskiya ne. VHF, wato nau'in igiyar rediyon da kuke amfani da ita, ba ta cin dogon zango, tsakaninku kuwa ya zarce kilomita 500 a hanyar mota. Dabarar ita ce kowa rediyonsa ya ji na kusa da shi, intanet ta ɗauki sauran tafiyar.

Rediyonku na magana da ƙa'idar AX.25, wadda ke yanka saƙo gunduwa-gunduwa, kowace ɗauke da lambar kiran (wato lambar shaidar tashar rediyo) mai aikawa da ta mai karɓa. A 1991 Brian Kantor ya fitar da takardar RFC 1226, inda ya nuna yadda za a sa kowace gunduwa cikin ƙunshin IP (ƙunshin bayanai na intanet) guda, kamar wasiƙa cikin ambulan. Wannan tsarin shi ne AXIP, lambarsa 93 a jerin ƙa'idojin IP.

Amma ban ba ku shawararsa ba. Akwatin wifi na gida ya saba da TCP da UDP, hanyoyin aika bayanai a intanet masu lambar ƙofa. AXIP ba shi da ƙofa, don haka sau da yawa akwatin kan watsar da shi. Ku ɗauki AXUDP: gunduwar dai ita ce, sai dai ta bi ta UDP, galibi ƙofa 10093. Manhajar BPQ ta John Wiseman na yin sa, haka ma ax25ipd a Linux.

Inda gizo ke saƙa shi ne rezon salula. Kamfanoni kan tara mutane da yawa bayan adireshin intanet ɗaya, don haka mutumin da ke waje ba ya iya ƙwanƙwasa maka ƙofa. In ku biyun duk da salula kuke shiga, sai ku yi hayar ƙaramar saba (kwamfutar da ke kan intanet kullum) mai tsayayyen adireshi, ku haɗu a can ta VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya a cikin intanet, irin WireGuard. Kada kuɗin data ya dame ku, rediyon da kansa galibi bit 1200 yake aikawa a daƙiƙa, wato kaɗan ne ƙwarai.

Kafin komai, kowannenku ya nemi izini wajen ARCEP, hukumar kula da harkokin sadarwa ta Nijar. Lambar kiran Nijar da 5U take farawa. Saƙon da ya shigo ta intanet, muddin ya fita ta eriyarka, kai za a tambaya, saboda haka ka buɗe wa tashar abokinka kaɗai.