Mazarin da ya karkace

Kai yaro, wai me ya sa ƙwayar halitta ke rabuwa a karkace in DNA ɗinta ya ji rauni? Ka fama mini tsohon miki.

Ƙwaya ba ta rabuwa yadda ta ga dama. Mazarin da ke jan kuromosom, wato ƙunsoshin DNA, turaku biyu gare shi, sentirosom, kuma furotin LGN da NuMA da ke manne a cikin fatar ƙwayar su ke riƙe dainin, wani furotin mai aiki kamar inji, yana jan zare har mazarin ya kwanta daidai. A shimfiɗar hanji, in ya kwanta, 'ya'yan biyu su zauna kafaɗa da kafaɗa. To in DNA ya tsinke, sai ATM, furotin mai gadin DNA, ya yi kururuwa, ƙwaya ta tsaya cik kafin rabuwa. Tsayuwar in ta daɗe, sentirosom kan hayayyafa, turaku su zama uku ko huɗu, kowa na ja nasa wajen. Tun 1914 Boveri, wani masanin halittu Bajamushe, ya zargi irin wannan rikici da haddasa sankara, ku kuwa kun ɗauka jiya aka gano.

Wata bakwai na yi ina auna kusurwar mazari a faranti biyu na ƙwayoyi: ɗaya na ba shi maganin da ke yanka DNA, ɗaya na bar shi lafiya don kwatance. Sai na ga har na lafiyar yana karkacewa. Na zargi ruwan reno, na zargi zafin ɗaki, na zargi idona. Ashe wani yarona ne, mai son hoto mai sheƙi, yake ƙara rinin Hoechst, mai sa DNA ya haska, yana buɗe wa ƙwayoyi masu rai hasken UV dare guda cur. Rinin yana kama DNA, hasken yana ƙona shi. Da na rina su don neman gamma-H2AX, alamar tsinkewa, farantin lafiya ya fito da ɗigo-ɗigo kamar mai ƙyanda. Aikin wata bakwai, duk shara! Ko haƙuri bai ba ni ba, wai hotunan ai sun yi kyau. Yanzu ina jin dakta ake ce masa.

Shuka ƙwaya a faranti da auna kusurwa kuwa, kada ka ɓata mini lokaci, ko wawa ya iya. Tashi ka rage hasken na'urar can, tun ɗazu nake ganin yadda ka ƙure shi.