Amsoshin Tambayoyinku: Me ya sa muryar The Drifters ke canzawa daga faifai zuwa faifai?

Tambaya: Ina da tarin tsofaffin waƙoƙin Amurka, cikinsu har da na The Drifters. Abin da ya ɗaure mini kai, muryar da ke jan waƙa a faifan 1953 ba ita ce ta 1960 ba, ta 1964 ma daban take. Wai ƙungiya ɗaya ce kuwa? Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Malam, kunnenka bai yaudare ka ba. Sunan ne bai canza ba, amma mawaƙan da suka rera waƙa a ƙarƙashinsa sun haura 60.

Asalin ƙungiyar a birnin New York ne, a 1953. Clyde McPhatter, wanda ya taso yana waƙar coci, ya rabu da ƙungiyar Billy Ward and his Dominoes, sai Ahmet Ertegun na kamfanin faifai na Atlantic ya nemo shi ya ce ya haɗa tasa. Ya ɗauko Bill Pinkney da 'yan'uwa biyu, Gerhart da Andrew Thrasher, suka fitar da "Money Honey", ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin baƙaƙen fata na lokacin. Siririyar muryar nan mai kaifi da kake ji a faifan 1953 ta McPhatter ce.

A 1954 aka kira shi aikin soja na dole, daga baya ya zaɓi ya ci gaba shi kaɗai, ya sayar wa manajansu George Treadwell kasonsa na ƙungiyar. Nan gizo ke saƙar. Daga ranar sunan ya zama mallakar manaja, mawaƙa suka koma 'yan albashi, wajen dala 100 a mako, ba su da ko sisi a cinikin faifai. Pinkney ya nemi ƙari, aka sallame shi. A 1958, a gidan wasan Apollo da ke unguwar Harlem, Treadwell ya kori ƙungiyar ɗungurungum, ya ɗauko wasu samari da ake kira Five Crowns ya laƙaba musu sunan, saboda akwai wasannin da ya riga ya sa wa hannu da sunan Drifters. Sun sha ihu a wurin 'yan kallon da suka san tsofaffin fuskokin. A ganinmu wannan tsari zalunci ne, ko da doka ta yarda da shi.

Cikin sababbin akwai Benjamin Nelson, wanda duniya ta sani da Ben E. King. Shi ya ja "There Goes My Baby" a 1959, wadda masu shirya waƙa Jerry Leiber da Mike Stoller suka tsara da kayan goge irin na Turawa da manyan ganguna, bisa wani salon kiɗa na Brazil. Jerry Wexler, ɗaya daga cikin shugabannin Atlantic, bai so ta ba da ya fara ji, amma ta kai matsayi na biyu a Amurka baki ɗaya. Muryar 1960 da ka ambata ta King ce, a "Save the Last Dance for Me". Shi ma maganar kuɗi ta raba shi da su a shekarar. Rudy Lewis ya gaje shi, har ya rasu a watan Mayun 1964, ana gobe za a ɗauki "Under the Boardwalk". Johnny Moore ne ya tsaya a gurbinsa ya rera ta.

Tambaya: Muna da ƙungiyar waƙa ta mutum biyar a makaranta, muna son gwada irin haɗin muryoyin nan na su The Drifters da ake kira du-wap. Yaya ake raba aikin? Mai karatu daga Jos.

Amsa: Mutum ɗaya jagora, huɗu 'yan amshi, sai dai amshin a nan ba da murya ɗaya ake yin sa ba. Uku na tsakiya, wato mai siririyar murya, da mai bi masa, da mai matsakaiciya, kowa yana riƙe sauti guda daga cikin ukun da ke haɗuwa su ba da amo ɗaya, kuma sautukan kusa da juna suke. Na biyar, mai kaurin murya, shi ne ke maye gurbin ganga da babbar jita, da kalmomi marasa ma'ana irin su "dum" da "bom". Da yawa daga cikin waƙoƙin suna zagaya amo huɗu ne: do, la, fa, so, a koma do.

Ku fara da mai kaurin murya shi kaɗai har ya zauna daram, sannan a ɗora na tsakiya ɗaya bayan ɗaya. Jagora ne na ƙarshen shiga.

Inda aka fi samun matsala wajen mai matsakaiciyar murya ne. Layinsa ba shi da daɗin ji in an ware shi, don haka kunnensa ke janye shi zuwa karin jagora, sauti ɗaya ya ɓace, amon ya zama fanko. Maganinsa ya yi atisaye yana tsaye nesa da jagora, kusa da mai kaurin murya. Sai zamewa ƙasa: in babu kayan kiɗa, numfashi na ƙarewa murya na sauka kaɗan-kaɗan ba a sani ba. Ku ɗauki sautin farko daga piyano ko manhajar waya, in kun gama ku sake bugawa ku ji ko kun sauka. A kula da wasali kuma. In ɗaya yana "uu" da leɓe a dunƙule, ɗaya yana "oo" da baki a buɗe, muryoyin ba za su narke cikin juna ba ko da kowa na kan daidai. A dogon amo kada ukun su ja numfashi lokaci guda.

In makirufo ɗaya gare ku, kamar yadda 'yan amshi suka saba a ɗakunan ɗaukar sauti na wancan zamani, da ƙafa ake daidaita ƙara. Mai siririyar murya ya ja baya taku ɗaya domin tasa ta fi ratsawa, mai kaurin murya ya matso kusa ya rera a hankali, kada ya yi ihu.