Amsa ga ɗan'uwan da ke shirin sauka a filin ciyawa

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena mai tambaya, na karanta saƙonka sau uku, sai na ji kamar ni na rubuta shi shekarun baya. Ka ce awowinka na tuƙin jirgin sama ba su kai 80 ba, dukansu kan kwalta ka yi su, ga shi an gayyace ka wani ƙauye da ƙaramin jirgi Cessna 172 yanzu a ƙarshen damina, mutumin can kuma ya ce maka fili lafiya lau, mita 800. Tambayarka ita ce ka je ko kar ka je.

Ni tambaya ɗaya zan fara yi maka: wanda ya ce lafiya lau, yaushe rabonsa da taka filin da ƙafarsa?

Nawa ya faru ne a watan Satumba, wani ƙauye gabas da Damagaram, ni da yayana za mu gaisuwar rasuwa. Kwana biyu kafin tafiya na kira wanda aka ce filin yana hannunsa. Ya ce, "Alhaji, jiya ma ta wurin na bi, kamar tafin hannu yake." Na sake kira da daddare, ya rantse. Dattijo ne mai furfura, sai na ji nauyin in ce ya turo mini hoto. Wannan kunyar ce ta cuce ni.

Da safe muka isa, na zagaya sau ɗaya, daga sama kore shar, sumul. Ciyawa ba ta nuna maka tsawonta daga sama, ba ta nuna maka abin da ta rufe. Na sauka, jirgi ya tsaya da wuri har na ji daɗi, ban gane cewa yashi da ciyawa ne suka riƙe tayoyin ba, kuma abin da ya riƙe ka a sauka shi zai riƙe ka a tashi. Ina fitowa karangiya ta cika mini ƙafar wando har gwiwa. Nan ya kamata in bi filin da ƙafa daga farko zuwa ƙarshe, amma mutane sun taru, ana ta sannu da zuwa, aka ja mu cikin gari.

Niyyata ƙarfe 10 mu tashi. Ka san halin mutanenmu na karkara, Allah ya saka musu da alheri, ga fura, ga tuwo, a gai da maigari, a tsaya Azahar. Biyu da rabi muka dawo, ma'aunin zafi na jirgi yana nuna 38. Shi dai mutumin nan ya sa aka kawo buhun gero wai tsaraba, ga wani ɗansa da yake son a rage masa hanya zuwa birni. Na ce nauyi zai yi yawa, ya yi dariya gaban jama'a ya ce mota ma tana ɗaukar fiye da haka bare jirgi. Na karɓa. Wannan laifina ne, ban taɓa ɗora wa kowa ba.

Na ba inji wuta duka. Jirgi yana tafiya kamar ana jan rigarsa ta baya. Mun wuce rabin fili allurar gudu tana rawa a wajen 30, ta ƙi hawa, ina jin ciyawa tana dukan ƙasan jirgi, ga aduwa a jere a ƙarshen fili tana ƙara girma a idona. Zuciyata tana ce mini saura kaɗan, saura kaɗan. Yayana ya fara salati a hankali, ba da ƙarfi ba, don kar ya ruɗa ni, har yau wannan muryar ce ke tashe ni cikin dare. Na cire wuta a makare, na taka birki, ashe akwai hanyar amalanke da ta ratsa filin, ruwan sama ya zaizaye ta, ciyawa ta rufe. Tayar gaba ta faɗa, hancin jirgi ya durƙushe, farfela ta sari ƙasa. Shiru. Sai kukan yaron nan a baya da warin yashi mai zafi. Na fi minti biyar hannuna ya kasa kwance bel.

Ba wanda ya ji rauni, alhamdulillahi. Amma kun san hukuncin farfela in ta bugi ƙasa, sai an buɗe inji an duba cikinsa, ba maganar miƙe ƙarfe ba ce. Jirgi ya yi makonni a daji da mai gadi, kuɗin da ya tafi kuwa ba na son tunawa. Abin da ya fi ƙona mini rai, mutumin ya zo ya tsaya hannu a baya ya ce, "Ƙaddara ce Alhaji, ni ai ban san harkar jirgi ba." Daga baya wani makiyayi ya faɗa mini tun kafin shuka dattijon bai leƙa wurin ba, bakin wani yaro ya ji labari. Da ya ce mini "ban je ba", da me zai ragu a jikinsa? Ko sannu bai kira ya yi ba bayan haka. Na yafe don Allah, amma har yau in na ji an ce "kamar tafin hannu" sai gabana ya faɗi.

To ƙanena, ka sami wanda zai bi filin da babur daga wannan kai zuwa wancan yana ɗaukar bidiyo, ranar jajiberin tafiya, ya auna tsawon da GPS na waya. Ya duba suri, ramukan kurege, tsidau mai huda taya, da inda ruwa ke kwanciya. In ciyawa ta wuce idon sawu a sa a yanke, ka biya, ba tsada.

Kuma ka zauna ka yi lissafi da biro. Damagaram tana wajen ƙafa 1500 sama da teku, zafin da littafin jirgi ke tsammani a nan bai wuce 12 ba. Kowane digiri ɗaya da ya ƙaru, kamar an ɗaga filin sama da kusan ƙafa 120 ne, ke nan a 38 jirginka ji yake kamar yana ƙafa 4600. Littafin 172 ya ce busasshiyar ciyawa a ƙara kashi 15 cikin ɗari kan nisan da jirgi ke gudu a ƙasa kafin ya tashi, amma gajeriyar ciyawa kan ƙasa mai tauri yake nufi, ba yashinmu ba. Ni yanzu ninka abin da ya ba ni nake yi. Ka kafa sanda da tsumma a tsakiyar fili, in ka iso ta ba ka da kashi 70 cikin ɗari na gudun tashi, wato wajen 40 a allurar gudu, cire wuta ba shawara. Ka sauke leɓen bayan fiffike digiri 10, ka ja sitiyari zuwa cikinka don tayar gaba ta yi sauƙi, kar ka tsaya cak kan yashi in ka fara tafiya. Da ka samu ma ka fara zuwa da malaminka sau ɗaya, babu faɗuwar girma a ciki.

Mai kuwa ka tafi da na zuwa da dawowa, kar wani ya kawo maka na 'yan ruwa-ruwa a kwalba ya ce duk ɗaya ne. Takardunka da izini su cika kafin ka motsa, a sanar da jandarma da hukumar wurin, zamanin nan ba a sauka wa mutane ba zato. Ka rufe bututun pito, wato ɗan bututun da ke auna gudun jirgi, ko awa biyu za ka yi, zanzaro ba ya jira. Hadarin yamma daga gabas yake tasowa da iska a gabansa, ka tafi da igiya da turaku. Yara su ne babban tsorona, a sa babba mai sanda ya kore su nesa kafin ka tada inji, domin farfela in tana juyawa ba sa ganinta.

Ka tashi da sanyin safiya ko da za a ce ka raina abincinsu, ka ba su haƙuri tun kana isa. In an ɗauko bidiyon ka sa shi nan, da nauyin mutanen da za ka ɗauka, mu duba tare kafin ka sa rana.