Tsohon zarto ba camfi ba ne

Ɗana, saƙonka ya iso ni a Garwa, na kuma ji kuna lafiya a Marwa. Ka ce maigidanka ya hana ka sayen sabon zarto na cikin leda don ranar da zai yaye ka, sai dai ka nemo tsoho wajen 'yan gwanjo. Ka ce kuma kana ganin dattawan kafintoci suna ƙyasta zarto da ɗan yatsa suna kasa kunne, kana tambaya ko camfi ne irin na mutanen da.

Ba camfi a ciki. Dalilin yana wajen magagari. Yawancin sababbin nan, in ka duba bakin haƙoransu za ka ga ya yi baƙi-baƙi. An ƙona su ne su yi tauri. Suna da ci da farko, amma ran da suka dakushe magagari zamewa yake a kansu, sai jefarwa. Tsohon ƙarfe kuwa yana karɓar washi, shekara da shekaru. Wanda bai iya wasa zartonsa da buɗa haƙoransa ba, ɗaya dama ɗaya hagu, a wajenmu bai isa yaye ba, ko ya iya haɗa kujerar sarki. Abin da maigidanka yake son ya gani ke nan.

In ka je kasuwa, kada ka fara da tambari. Ɗaga zarton, mariƙi wajen idonka, ka bi layin haƙora da kallo har ƙarshe. Ɗan lanƙwasa mai laushi ana iya gyarawa. Amma in ka ga wurin da ya karye kwana lokaci guda, ajiye shi, domin kullum a nan zai riƙa cijewa cikin katako. Daga nan ka nemi izinin mai kaya, ka tanƙwara bakin a hankali ka sake. Na ƙwarai zai koma ya miƙe sak. Wanda ya tsaya a karkace ƙarfensa ya mutu.

Ƙyastawar da ka gani, ita ce ta uku. Ƙarfe mai lafiya ƙararsa tana ja, mai tsaga kuwa tana mutuwa nan take. Sai dai mariƙi mai girgiɗi ma yana kashe ƙara, saboda haka ka taɓa notunan kafin ka yanke hukunci. Mariƙin da hunturu ya tsaga bai dame ni ba, kai kafinta ne, guntun maɗaci ya ishe ka ka sassaƙa wani.

Tsatsa iri biyu ce. Ja ta sama, kananzir da samfefa suna fid da ita. Wadda ta ci rami ita ce matsala, musamman kusa da haƙora, don ran da washi ya kai wurin haƙorin ɓallewa zai yi. Kayan da suka daɗe a danshin Duwala sun fi yin haka. Ka kankare wuri kaɗan da farce ko tsabar kuɗi ka gani. Ka kuma dubi faɗinsa: in bakin ya tsuke sosai, an sha wasa shi. Shaida ce cewa mai shi ya ji daɗinsa, amma ya riga ya cinye rabonka.

Yanzu tambari. In ka ga zaki, na Peugeot ne, masu motar nan 504. Tun kafin su ƙera mota suna yin zarto a Faransa, kuma a 1858 suka yi rajistar zakin. Akwai Sandvik na Suwidin mai kifi da ƙugiya, da Spear & Jackson na Shefil a Ingila, da Disston na Filadelfiya a Amurka, wanda ya fara a 1840. Duk sunaye ne masu kyau, amma ana ɗaura mariƙi mai tambari a kan ƙarfen banza. In ka samu wanda ya fi kauri wajen haƙora, ya sirance ta baya, riƙe shi da kyau, irinsa ba ya maƙalewa.

Tunda katakon ayus ɗin da ake kawowa daga kudu ta Ngaundere kuka fi aiki da shi, fara da na yankan gicciye, mai haƙora 8 zuwa 10 a inci. Na tsaga, mai manyan haƙora, ya jira sai ka samu kuɗi.

Batun hana aron zarto da kafintoci ke yi, wanda shi ma ka tambaya, ba rowa ba ce. Mai aro zai kai shi kan tsohon katako, ƙusa ɗaya ta zubar maka da haƙora.

Ka tafi da guntun katako a aljihu ka gwada a gaban mai kaya, kada kuma ka biya sai maigidanka ya gani, girmansa ne. Ka gai da mahaifiyarka da ƙannenka.

Kawunka